Ni da Kora a Gaban Jama'a: Kundin Shirin Wasan Disamba

Asabar, 5 ga Oktoba 2024, Dakar

Na amsa musu. Ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan Nijar da ke karatu a nan za ta yi taron ranar Jamhuriya, kuma da yake 18 ga Disamba ta faɗo ranar Laraba, sai aka ɗage shi zuwa Asabar 21 ga wata. Suna so in kaɗa kora na minti 15 bayan jawabai, kafin a fito da abinci.

Ga wanda bai taɓa ganin kora ba, rabin ƙatuwar ƙwarya ce da aka rufe da fatar saniya, aka soke ta da doguwar sanda, aka ɗaura mata tsirkiya 21 a layi biyu bisa wani dogon jaki, wato katakon da ke tokare tsirkiyoyin a kan fatar: 11 na hannun hagu, 10 na dama. Yatsu huɗu kacal ke kaɗawa, manyan yatsu da manuniya biyu, sauran kuwa suna riƙe da 'yan sanduna biyu da ke gefen tsirkiyoyin. Kayan kiɗan Mandinkawa ne na Gambiya da kudancin Senegal da Gini da Mali. Ba a danna tsirkiyarta a jikin sanda yadda ake yi wa gurmi ko molo. Kowace tsirkiya da muryarta guda, in ka kuskure ka taɓa wadda ke kusa da ita ka taɓa, kowa ya ji.

Ga abin da ke damuna. In ina ɗaki ni kaɗai, hannuna tafiya yake lafiya lau. Da zarar wani ya tsaya bakin ƙofa yana saurare, sai yatsuna su yi sanyi su sandare, tafin hannu ya jiƙe, abin da na sani sarai ya ɓace mini. Jama'a suna yi mini kwarjini ko da mutum biyu ne. Na san ba ni kaɗai ba ce. Akwai mai shiga musabaƙa da haddarsa daram, ya zauna gaban alƙalai aya ta kuɓuce masa. Akwai ɗalibin da zai kare kundinsa, yawun bakinsa ya ƙafe tun kafin ya yi sallama. Saboda irinmu zan riƙa rubuta yadda shirin ke tafiya, da daɗi da ba daɗi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na kai wa malamina na kora labari a unguwar Grand Yoff da ke nan Dakar. Dattijo ne ɗan Kazamans, a kudancin Senegal, jali ɗan jali, wato makaɗin gado na Mandinkawa, da kora ya buɗe ido a gidansu. Na zo masa da jerin kaɗe-kaɗe masu wuya, don in nuna wa 'yan ƙasarmu ban ɓata lokacina ba. Ya bari har na kai aya, sannan ya ce, "'Yata, wanne za ki iya kaɗawa in na tashe ki daga barci tsakar dare?" Na ce Kelefa. Ya ce to da shi za a buɗe.

Kelefa shi ne kiɗan da ake fara ɗora wa kusan kowane ɗan koyo, na yabon jarumin nan Kelefa Sane na zamanin daular Kabu a ƙarni na 19. Raina bai so ba da farko, don gani nake kiɗan 'yan koyo ne. Sai Malam ya zaunar da ni ya sake yi mini bayanin da na sha ji amma ban taɓa haɗa shi da tsorona ba.

Kiɗan kora hawa biyu ne. Akwai kumbengo, gajeren zagaye da ke maimaita kansa ba fasawa, shi ne ginshiƙin. Akwai birimintingo, gudun yatsu na ado da makaɗi ke tashi ya yi sannan ya sauko. Kumbengo tamkar lugude ne: taɓare na sauka a turmi bi da bi, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, amma sautin turmin ba ya yankewa. Ya ce makaɗin da taro ya yi wa kwarjini ba ajiye kora yake yi ba, komawa yake bisa kumbengo ya zauna har hankalinsa ya dawo jikinsa, kuma ba mai cewa ya gaza, don kumbengon shi ne kiɗan, sauran duk kwalliya ce.

Daga nan ya sa ni kaɗa kumbengon Kelefa, shi kuma yana tambayata garuruwan da ke kan hanya daga Damagaram zuwa Yamai, in faɗa masa da abin da ake sayarwa a tashar kowanne, hannu kuma kada ya tsaya. Na wuce Tasawa lafiya. A Maraɗi hannun dama ya cije. Ya ce aikina ke nan har in kai Yamai.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Karatun haɗa magunguna nake yi a Jami'ar Cheikh Anta Diop, don haka abin da ke faruwa a jikina na san shi a takarda. In ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, 'yan ƙullutun nan biyu da ke bisa ƙoda sai su saki adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, ƙananan jijiyoyin jini na fata da yatsu su tsuke don jinin ya tafi manyan tsokoki, shi ya sa yatsu ke yin sanyi ko ana zafi. Baki ya bushe, gumi ya keto, tsoka ta kama ɓari. Duk shirin gudu ne ko faɗa, jiki bai san bambancin maƙiyi da zauren taro ba. Mai gudu ya amfana. Mai kora da tsirkiyoyinsa ke daf da juna, shi abin ya cuta.

Wani ɗan ajinmu da ya ji damuwata ya ce in sha propranolol awa ɗaya kafin in hau. Maganin zuciya ne da hawan jini, wanda James Black ya samar a shekarun 1960, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Toshe wuraren da adiranalin ke kamawa yake yi, sai bugun zuciya ya lafa, ɓarin hannu ya ragu. Makaɗa sun daɗe da gano shi. Wani bincike da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 a kan makaɗa sama da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa amfani da irinsa, akasarinsu ba da takardar likita ba.

Ni ba zan sha ba. Ina da asma tun ina yarinya, wannan magani kuwa yana tsuke hanyoyin numfashi, yana iya halaka mai asma. Ban ga laifin wanda likita ya duba ya rubuta masa ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda muke miƙa wa juna ƙwaya a ɗakunan kwana ba mai tambayar ɗan'uwansa ko yana da wani ciwo. Don Allah a daina. Kuma ko da ba asma, jiki kawai maganin ke kwantarwa, ba ya taɓa muryar nan da ke raɗa maka cewa kowa jira yake ka faɗi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tunda ba zan iya hana zuciyata gudu a ranar ba, gara hannuna ya saba aiki tana gudu. Sai na fara haurawa benenmu da gudu in sauko in sake haurawa, in faɗo ɗaki ina haki, in ɗauki kora nan take. Na jingine waya tana ɗauka.

Abu biyu na ji da na saurara. Na ɗaya, ina ƙara sauri ba tare da na sani ba, kiɗan da ya fara da tafiya sai ya ƙare da sassarfa. Na biyu, kuma shi ya fi ba ni mamaki, duk lokacin da zan shiga birimintingo sai in riƙe numfashina har in fita. Ana jin fitar iskar a wayar. Ashe ni da kaina nake ƙara wa jikina firgici. Yanzu ina koyon sakin numfashi a hankali daidai lokacin da yatsu za su tashi. Dogon fitar numfashi yana rage gudun zuciya, wannan ma a aji muka karanta shi.

'Yan ɗakinmu sun yarda su riƙa zama gabana da daddare suna kallona, ba hira, ba taɓa waya. Idon da ya yi shiru ya fi hayaniya nauyi. Garuruwa kuwa na kai Ƙonni.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau zaɓen 'yan majalisa ake yi a Senegal, unguwarmu tsit, sai na samu damar kiran gida a natse. Inna ta san da maganar taron tun tuni. Baba ne ban faɗa wa ba.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, akwai maganar da nake so ku sani daga bakina." Na faɗa masa. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Can ya ce, "Uwata, mu fa ba maroƙa ba ne." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na ce na sani, ba roƙo zan yi ba, ba kuma yabon kowa zan yi don ya ba ni ba. Ya tambayi karatu, na faɗa masa sakamakona. Ya tambayi ko su wa za su zo, da irin kayan da zan sa. Daga ƙarshe ya ce, "Ki riƙe mutuncinki. Allah ya yi miki albarka." Bai ce ya ji daɗi ba, bai kuma hana ba.

Da na ajiye wayar sai na gane wani abu da ya daɗe yana yi mini yawo a rai. A gidan Malam, in maƙwabtansa suka leƙo ina kaɗawa, hannuna yana rawa amma ana iya jurewa. Wanda ke kaɗa mini hanta shi ne taron 'yan ƙasarmu, don kafin in sauko daga dandamali wayoyinsu sun kai hotona Damagaram, ga gwaggonnina, ga abokan Baba na masallaci. Idon gida nake tsoro. Kuma ba kuskuren tsirkiya nake tsoron su gani ba, ni ɗin nake tsoron su gani, 'yar gidan malamai da kayan kiɗa a cinya.

Wannan hali namu yana yi mini ciwo. Ba biki ba suna ba sarauta sai da makaɗi, mu taka rawa, mu yi kuka in ya taɓo mu, amma in ya nemi 'yarmu sai mu tuna asali. Mamman Shata kansa ba ɗan gado ba ne, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ga shi har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A ɓangaren kora ma ni 'yar haye ce ta kowace fuska. Sana'ar gidajen jali ce, su Diabaté da Kouyaté da Sissoko da Suso, daga uba zuwa ɗa. Toumani Diabaté, wanda ya rasu a Bamako ranar 19 ga Yulin bana yana da shekara 58, danginsa suna lissafa kakanni 70 na makaɗa kafin shi. Mata kuwa waƙa aka san su da ita, ba kora ba, sai da Sona Jobarteh ta fito daga ɗaya daga cikin gidajen nan ta riƙe ta a matsayin sana'a a gaban duniya. Ita ko ba komai jikar Amadu Bansang Jobarteh ce. Ni ba kaka ba uba. Abin da nake da shi dattijon da ya yarda ya koya mini, ya kuma kira ni 'yarsa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Yau shekara 6 da rasuwar Malam Mamman Barka a Yamai. Ɗan Taskar ne, cikin jiharmu ta Damagaram, malamin makaranta kuma gwanin gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, abin kiɗan Buduma masunta mai siffar kwalekwale da tsirkiya biyar. Shi ba Buduma ba ne, amma a hannunsa biram ta tsira har ta zaga duniya. Dangin kora ce, ita ma kowace tsirkiya da muryarta. Da na tuna ɗan jiharmu ya taɓa zama baƙo a gaban kiɗan da ba na gidansu ba, sai na ji ƙafata ta ƙara taka ƙasa.

Na kuma yanke kiɗa na biyu: wata waƙar gaɗa da muke yi a dandali muna yara. Muryoyi biyar take amfani da su, kora kuwa bakwai ake saita mata, don haka akwai tsirkiyoyin da zan riƙa tsallakewa. Ta zauna bisa kora fiye da yadda na zata.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hunturu ya fara leƙowa. Fatar ta ɗaure, muryar korar ta canza, jiya kuma wata siririyar tsirkiya ta hannun dama ta tsinke ina cikin saitawa. Tsirkiyar kora ta yau zaren kamun kifi ne na nailan, kauri daban-daban, don haka wurin masu sayar da kayan kamun kifi na Sumbejun, bakin tekun Dakar, na je na sayo. Sabuwar tsirkiya tana ɗaukar kwanaki tana miƙewa kafin ta tsaya a murya ɗaya. Malam ya duba sauran, ya nuna biyu da suka soma cinyewa a bakin jaki ya ce a canza su yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tawa korar mai maɓallan ƙarfe ce, irin salon da limaman Kirista na Keur Moussa, a nan Senegal, suka yaɗa. Tasa kuwa ta gargajiya ce, zobban fata da ake kira konso ake turawa sama ko ƙasa a jikin sandar. Ya fi ni shan wahalar hunturu, amma ko kusa ba ya son jin maganar canzawa.

Da yamma ya sa na kaɗa a tsakar gidansu ana dafa shayin ataya, mata na tsintar shinkafa, yara na guje-guje. Na kai Yamai.

Talata, 10 ga Disamba

Na je na ga zauren. Na hau dandamalin ba kowa, na zauna inda zan zauna, na nemi kujera marar hannu. Sai na lura da wata rahama da ban taɓa kulawa da ita ba: mai kora fatar da tsirkiyoyin yake fuskanta, jama'a kuwa bayan ƙwaryar suke gani da adon ƙusoshinta. Sandar tana tsaye tsakanina da su. Idona yana da wurin zama, bisa jaki, ba sai na nemi fuskar kowa ba.

Na roƙi mai kula da na'urori ya sa makirfo kusa da ramin da ke gefen ƙwaryar, ya kuma ba ni lokaci in gwada kafin mutane su shigo.

Juma'a, 20 ga Disamba

Ban taɓa wani abu mai wuya ba yau. Kumbengo kawai, a hankali. Na goge kaya, na yanke farce, na cika 'yar butar shayi da zan zuba ruwan ɗumi gobe don gasa yatsu. Abinci ya ƙi shiga. Inna ta kira ta yi mini addu'a mai tsawo.

Lahadi, 22 ga Disamba

An yi.

Jawabai sun ja fiye da yadda aka tsara, ina bayan labule da korata, hannuwana rungume da butar ruwan ɗumi. Zaman jiran nan ya fi komai wuya. Sau da yawa na sake duba saitin, don fankokin zauren da zafin fitilu suna ta taɓa shi. Da aka kira ni ban ji ƙafafuna ba har na zauna. Zauren ya cika, ɗalibai da 'yan kasuwarmu na nan da iyalansu, wayoyi duk a sama.

Ina taɓa tsirkiyar farko lasifika ta yi wata ƙara mai tsaga kunne. Mutane suka toshe kunnuwa, wasu suka yi dariya, mai na'ura ya ruga ya rage. Cikina ya ɗuri ruwa. Na kalli manuniyata ta dama tana ɓari a fili, ina ganinta, ba ta jin maganata.

Na yi bisimilla na shiga kumbengon Kelefa da manyan yatsu, su ba su cika rawa ba. Wurin da na shirya tashi birimintingo na farko ya zo, na bar shi ya wuce. Na biyu ma haka. Na kafa ido a jaki, ina sakin numfashi a hankali, ina kiran garuruwa a zuci. Tasawa. Maraɗi. Zagayen yana ta juyawa, zauren ya soma yin shiru, irin shirun sauraro, wanda ya bambanta da shirun jira. Wajen Dogon Dutsi na ji ɗumi ya dawo yatsuna. Na saki numfashi na tashi, gajere, na sauko daidai kan kumbengo. Na sake tashi, wannan karon na daɗe. Daga can baya na ji muryar Malam ya yi irin gyaran muryar nan da jali ke yi wa ɗan'uwansa in ya gamsu. Ban ma san ya zo ba.

Da na shiga waƙar gaɗa, ban kai ƙarshen zagaye na biyu ba wasu 'yan mata daga hagu suka gane ta suka ɗauka, tafi ya biyo baya. Wata hajiya ta rangaɗa guɗa, ta taso har dandamali ta liƙa mini takardar kuɗi a goshi, ta ce, "Allah ya raya ki, 'yar nan, kin kai ni gida." Wasu suka biyo ta. Nan ne kunya ta kama ni, maganar Baba ta faɗo mini, amma hannu bai tsaya ba. Na gama, na tattara kuɗin gaba ɗaya na kai wa Malam da hannu biyu, don shi ya shuka. Ya ɗauki takarda ɗaya ya mayar mini da sauran, ya ce in sayi tsirkiya.

Tsoron bai tafi ba, kada in yaudari kowa. Gwiwata ta hagu rawa take tun daga farko har na sauka, kuma da na koma bayan labule sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Bambancin kawai, wannan karon yana nan ina nan, kiɗan kuma bai yanke ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Hoton ya riga ni isa gida, yadda na zata. Yaya ya ce Baba ya sa an kunna masa har ƙarshe, ya tambayi ko wane ne dattijon da na durƙusa wa. Da muka yi waya bai tayar da maganar ba, sai da za mu yi sallama ya ce in gaida malamin nawa.

Na saurari abin da aka ɗauka. Saurin nan yana nan, musamman bayan tafi ya shigo, shi zan sa gaba.

Malam ya ce a watan gobe zan raka shi wani bikin aure na mutanen Kazamans, in riƙe masa kumbengo shi yana birimintingo yana waƙa. Can kowa ya san kora, tsofaffin matan ma suna gane tsirkiyar da ta sauka. Kiɗan da zai yi a saitin Sauta yake, ni kuwa a Silaba na saba, sai an ɗaga muryar tsirkiya biyu, kunnena kuma bai gama sabawa da su ba. Gobe da hantsi zan koma Grand Yoff mu fara.